"A kashe antibirus tukuna": abin da mai kwamfuta ya kamata ya sani kafin ya amince

Daga shagunan gyara na Dapaong zuwa wuraren buga takardu na Tandjouaré da zangon Sokodé, kashe manhajar kariya na ɗan lokaci domin a girka wata manhaja ya zama ruwan dare. Akwai lokutan da hakan ke da hujja, amma ba su da yawa, kuma 'yan mintunan da ake ɗauka ba komai ba ne, su ne ɓarayin intanet suka fi so.

Duk wanda ya taɓa kai kwamfuta wurin mai gyara domin a sa masa Word ko Photoshop ko wasan ƙwallo ya san yadda abin ke gudana. Ana cikin aiki sai saƙo ya faɗo a kusurwar allo cewa an gano barazana, fayil ɗin da ake son buɗewa kuma ya ɓace. Mai gyara ko ɗaga kai ba ya yi. Sai ya shiga Sécurité Windows, ya kashe Protection en temps réel, ya sake kwafo fayil ɗin daga kilen USB ɗinsa, wato filash, ya ci gaba da aiki. In an tambaye shi, amsar ba ta wuce cewa antibirus ne ke da neman rigima, in an gama za a kunna shi.

A gari irin Tandjouaré, da ke kan babbar hanyar ƙasa ta ɗaya kudu da Dapaong, kwamfuta guda takan ɗauki nauyin mutane masu yawa. Ta ofishin makaranta na riƙe da sunayen ɗalibai da makinsu da takardun masu shiga jarrabawar BEPC da BAC. Ta shagon fotokofi cike take da hotunan katin ɗan ƙasa da takardun haihuwa da na neman aiki, waɗanda masu su suka tafi suka bari. Ta ɗan kasuwar da ke safara tsakanin Cinkassé da Mango da Sokodé na ɗauke da lissafin bashi, kuma WhatsApp da Facebook ɗinsa a buɗe suke a ciki. Kile ɗaya kan shiga dukkan waɗannan kwamfutoci a mako guda. Saboda haka idan ɗaya ta kamu, ba mai ita kaɗai abin ke shafa ba.

Me antibirus ke yi a daidai wannan lokaci?

Manhajar kariya tana aiki ne ta hanyoyi uku. Ta farko, tana kwatanta kowane fayil da jerin alamomin miyagun manhajojin da aka riga aka sani, jerin da ake sabunta shi kullum ta intanet. Ta biyu, tana lura da ɗabi'ar manhaja bayan an buɗe ta: shin tana ƙoƙarin karanta kalmomin sirrin da aka ajiye, ko tana sauya ɗaruruwan fayiloli a lokaci guda, ko tana taɓa sassan Windows da ba ruwanta da su? Ta uku, idan ta ga baƙon fayil, takan tambayi cibiyar kamfaninta ko an taɓa ganin irinsa a wani wuri.

Abin da allon Faransanci ke kira Protection en temps réel shi ne mai gadin da ke tsaye a bakin ƙofa, yana duba fayil a lokacin da ake sauke shi, da lokacin da ake kwafo shi, da lokacin da ake buɗe shi. Girka manhaja kuwa shi ne lokacin da kwamfuta ta fi sakin jiki, domin Windows kan tambayi mai ita ko ya yarda wannan manhaja ta yi canje-canje, shi kuma ya danna Oui. Daga wannan dannawa, manhajar ta samu ikon maigida. Tana iya rubuta abin da ta so a inda ta so, ta shirya yadda za ta riƙa tashi duk lokacin da aka kunna kwamfuta, har ta taɓa saitin antibirus ɗin kansa.

Wannan ne ya sa maganar "minti biyar ne kawai" ba ta da ƙarfi. Manhajojin satar bayanai ba sa buƙatar kwana. Cikin ɗan lokaci suke tattara kalmomin sirrin da ke ajiye a Chrome ko Edge ko Firefox, da ƙananan fayilolin da ke sa Facebook da Gmail su gane mutum ba tare da sun sake tambayarsa kalmar sirri ba, su aika wa ubangidansu. Kunna antibirus bayan haka ihu ne bayan hari. Zai iya kama ɓarawon ya goge shi, amma abin da ya fita ya riga ya fita.

Gaskiya ne, antibirus na yin kuskure

Masu gyara ba su ƙirƙiri wannan al'ada haka kawai ba. Manhajojin kariya sun sha kama mai gaskiya. A ranar 21 ga Afrilun 2010, wata sabuntawa da kamfanin McAfee ya fitar ta ɗauki svchost.exe, ɗaya daga cikin muhimman fayilolin Windows XP, a matsayin cuta. Kwamfutoci masu ɗimbin yawa a kamfanoni da asibitoci da makarantu suka riƙa mutuwa suna tashi ba ƙaƙƙautawa. A watan Janairun 2018, lokacin da aka gano ɓarakar Meltdown da Spectre a ƙwaƙwalwar kwamfutoci, Microsoft ya lura cewa gyaran da ya fitar na cin karo da wasu antibirus har kwamfuta ta kasa tashi, sai ya dakatar da aika sabuntawa ga masu irin waɗannan manhajoji har kamfanoninsu suka daidaita su. Na baya-bayan nan shi ne na ranar 19 ga Yulin 2024, inda kuskure a sabuntawar manhajar tsaro ta CrowdStrike ya durƙusar da na'urorin Windows kimanin miliyan 8.5, a ƙiyasin Microsoft, jirage suka kasa tashi, bankuna da asibitoci suka tsaya cak.

A ƙaramin mataki ma hakan na faruwa. Manhajar lissafin kuɗi da wani ƙaramin kamfani ya rubuta, ko tsohuwar manhajar da ke tafiyar da injin buga takardu, na iya jawo zargi don kawai antibirus bai saba ganinta ba. Sai dai a duk waɗannan misalai, an san wanda ya yi manhajar, an san inda ta fito, kuma akwai wanda za a tuhuma idan abu ya lalace. Fayil ɗin da aka samo daga wani shafi marar suna, ko daga kilen da ya ratsa hannu goma, ba ya cikin wannan sahu.

Sabuntawar gaskiya ba ta neman a kashe kariya

Mutane da yawa na haɗa abubuwa biyu da ba ɗaya ba: sabunta Windows, abin da ake kira mise à jour, da girka manhajar da aka samo daga waje. Windows Update na tafiya ne kafaɗa da kafaɗa da Microsoft Defender, antibirus ɗin da ke zuwa kyauta cikin Windows 10 da 11, kuma ba ya buƙatar a kashe shi. Haka Chrome da Firefox da sauran sanannun manhajoji suke sabunta kansu ba tare da sun nemi a ɗage musu kariya ba. Iyakar abin da Microsoft kan ba da shawara a kai shi ne, idan babbar sabuntawa ta ƙi shiga, a gwada cire antibirus na wani kamfani na ɗan lokaci. Ko a nan ma kwamfuta ba ta zama tsirara, domin da zarar an cire wancan, Defender ke karɓar gadi.

Tun daga 2003 Microsoft ke fitar da gyare-gyaren tsaro a Talata ta biyu ta kowane wata. Amfaninsu ya fito fili a 2017. A watan Maris na shekarar kamfanin ya toshe wata ɓaraka a Windows. A ranar 12 ga Mayu, cutar WannaCry ta bi ta wannan ɓaraka ta kama kwamfutoci sama da 200,000 a ƙasashe kusan 150, ciki har da na asibitocin gwamnati a Ingila. Waɗanda suka karɓi gyaran watan Maris sun tsira. A arewacin Togo, inda kuɗin data ke da nauyi a aljihu kuma wuta kan ɗauke ana tsakiyar saukewa, da yawa kan rufe sabuntawa gaba ɗaya. Ana iya fahimtar dalilin, amma kwamfutar da ta yi shekara ba a sabunta ta ba tamkar gida ne da katangarsa ta zube, ko da akwai mai gadi a ƙofa.

Ɓarayi ma sun san darajar kalmar sabuntawa, shi ya sa suke fakewa da ita. Mutum na cikin karanta wani shafi sai sanarwa ta rufe allo cewa Chrome ɗinsa ya tsufa, ya danna nan ya sauke sabo. Wannan ƙarya ce. Chrome ba ya sabunta kansa ta hanyar shafin wani. Wani lokaci kuma hanyar gaskiyar ce ake gurɓatawa, kamar yadda ya faru a 2017 da manhajar CCleaner, wadda ɓarayi suka cusa wa cuta tun daga kamfanin, mutane miliyan 2.27 suka sauke ta. Irin wannan na nuna cewa ko manhajar da aka yarda da ita ma gara a girka ta mai gadi na tsaye.

Inda gizo ke saƙar

Mafi yawan lokutan da ake cewa a kashe antibirus, manhajar da ake son girkawa fasasshiya ce, wato wadda aka karya makullinta domin a yi amfani da ita ba tare da biya ba, abin da masu gyara ke kira krak. Office da Photoshop da AutoCAD da wasanni su ne kan gaba, tare da ƙananan manhajojin da ke sa Windows ya ɗauka an biya kuɗinsa, irin su KMSPico. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: kuɗin lasisi ya fi ƙarfin malamin makaranta ko mai ƙaramin shago. Amma banza ba ta kai zomo kasuwa. Wanda ya ɓata lokacinsa ya fasa manhaja, ya biya kuɗin shafi, ya raba ta kyauta ga duniya, sau da yawa yana da inda yake fanshewa.

Wahalar ita ce antibirus kan yi kuka a kan kowane krak, mai cuta da marar cuta, domin dukkansu aikin fasa makulli suke yi. Da haka mutane suka saba da yin biris da gargaɗin, masu cusa cuta kuma suka samu mafaka. Umarnin "désactivez votre antivirus" da ake gani a shafukan sauke irin waɗannan manhajoji da bidiyoyin YouTube ya zama kamar wani sashe na girkawa, alhali shi ne mabuɗin ƙofar.

A watan Yunin 2021, kamfanin Avast ya bayyana wata cuta da ya sa wa suna Crackonosh, wadda aka ɓoye cikin fasassun wasanni irin su Grand Theft Auto V da Pro Evolution Soccer 2018. Ba ta nuna kanta nan take. Takan jira a kashe kwamfuta a kunna sau da dama, sannan ta tilasta mata tashi a yanayin da ake kira mode sans échec, inda antibirus ba ya aiki, ta goge shi, ta rufe Windows Update, ta kuma ajiye hoton garkuwar Sécurité Windows na bogi a ƙasan allo domin mai kwamfuta ya ɗauka komai lafiya. Daga nan sai ta sa kwamfutar haƙar kuɗin intanet na Monero dare da rana. Avast ya ƙiyasta cewa ta kama na'urori kimanin 222,000, masu ita kuma sun samu sama da dala miliyan 2. Mai kwamfuta na ganin ta yi nauyi, tana zafi, baturi na saurin ƙarewa, bai san kura ce da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi ba.

Wadda ta fi wannan ciwo ita ce STOP, da ake kuma kira Djvu, wadda ta yaɗu tun 2018 kuma fasassun manhajoji ne babbar hanyarta. Ita garkuwa take yi da fayiloli: takan kulle takardu da hotuna, ta liƙa musu wani baƙon suna a ƙarshe, ta bar wasiƙa mai suna _readme.txt tana neman kuɗi; a shekarun baya dala 980 take nema, ko 490 ga wanda ya tuntuɓe su cikin awa 72. Dala 980 ta haura sefa 500,000. Ga makarantar da makin ɗalibanta na shekara guda ke cikin kwamfuta ɗaya, ko mai ɗaukar hoton biki da bai riga ya miƙa wa ango hotunansa ba, wannan ba ƙaramar asara ba ce. A 2019 kamfanin Emsisoft ya fitar da manhajar buɗe fayilolin da tsofaffin nau'o'inta suka kulle, amma yawancin sababbin ba sa buɗuwa.

Sai masu satar bayanai, waɗanda ba sa barin wata alama. A watan Mayun 2025, Microsoft ya sanar da cewa cikin wata biyu kacal, daga 16 ga Maris zuwa 16 ga Mayu, ya gano kwamfutocin Windows sama da 394,000 a faɗin duniya da manhajar satar bayanai ta Lumma ta kama. Fasassun manhajoji na cikin hanyoyin da take bi. Wanda abin ya shafa yakan farga ne ranar da 'yan'uwansa a Kumasi ko Parakou ko Maraɗi suka fara kiransa suna tambayar ko da gaske shi ne ke neman a tura masa kuɗi a Facebook.

Waya ma ba ta tsira ba

Ga mafi yawan jama'a a yankin, waya ce kwamfutarsu, kuma wannan al'ada na nan a cikinta da wata siga. Wayoyin Android na zuwa da Play Protect, kuma sukan hana girka manhajar da ba daga Play Store ta fito ba sai mai waya ya ba da izini da kansa. Duk wanda ya karɓi fayil ɗin APK ta Xender ko WhatsApp, irin su GBWhatsApp ko manhajar kallon ƙwallo kyauta, ya kuma danna "installer quand même", ya yi daidai da wanda ya kashe antibirus. Bambancin shi ne a wayar ce asusun Mixx by Yas, wanda aka sani da T-Money a da, ko Flooz yake, kuma nan ne saƙonnin lambobin tabbatarwa ke shigowa.

Togo ta ga misalin wannan. A watan Oktoban 2021, Amnesty International ta fitar da rahoto kan wani ɗan rajin kare haƙƙin ɗan Adam a ƙasar da aka yi yunƙurin yi wa kutse a ƙarshen 2019 da farkon 2020, gab da zaɓen shugaban ƙasa. Ta WhatsApp aka riƙa lallaɓarsa ya girka wata manhajar hira ta Android da ba ta cikin Play Store. A cewar rahoton, manhajar leƙen asiri ce mai iya kaiwa ga kyamara da makirfo da hotuna da saƙonnin WhatsApp. Dabarar ba ta buƙaci fasa wayar da ƙarfi ba, so ake mai ita ya buɗe ƙofa da hannunsa.

Yadda ake rarrabe gargaɗin gaskiya da na kuskure

Tambayar farko ita ce daga ina fayil ɗin ya fito. Wanda aka sauke daga shafin kamfanin da ya yi manhajar, ko daga Microsoft Store, yana da asali. Wanda ya zo cikin rumbun ZIP ko RAR mai kalmar sirri kamar 1234 abin zargi ne, domin ana kulle shi ne don kada antibirus ya ga abin da ke ciki.

Ta biyu, wa ya sa masa hannu. Idan aka danna fayil da maɓallin dama aka shiga Propriétés, manhajar kirki takan nuna Signatures numériques da sunan kamfaninta. Haka tagar da ke neman izini kan nuna sunan mai manhajar idan an tantance shi, ko ta ce ba a san shi ba.

Ta uku, me antibirus ɗin ya ce ya gani. A Historique de protection ana iya karanta sunan abin da aka kama. Suna mai ɗauke da Trojan ko Ransom ko Stealer ba abin wasa ba ne. Mai ɗauke da HackTool na nufin kayan fasa makulli ne, kuma hakan ba shaida ba ce cewa babu wani abu a bayansa.

Akwai kuma shafin VirusTotal, mallakar Google tun 2012, inda ake ɗora fayil kyauta manhajojin kariya kusan 70 su duba shi. Idan ɗaya ko biyu ne kawai suka yi kuka a kan manhajar da ta fito daga kamfaninta, zai yiwu kuskure ne. Idan ashirin ne, magana ta ƙare. Sai dai kada a ɗora takardun sirri a wurin, domin masu bincike na iya ganin abin da aka ɗora.

In abin ya zama dole

Idan manhajar ta halal ce, daga kamfaninta ta fito, an duba ta, kuma har yanzu antibirus na tare ta, akwai yadda ake rage haɗari. A fara da kwafe muhimman fayiloli zuwa wani kile ko faifan waje, a cire shi daga jikin kwamfutar. A sabunta antibirus ɗin tukuna, domin sau da yawa an riga an gyara kuskuren. In bai yi ba, gara a ba wannan fayil ɗin kaɗai izini daga Historique de protection da a kashe kariyar gaba ɗaya. In kuwa sai an kashe, a yanke intanet, a rufe sauran manhajoji, kada a buɗe komai sai abin da ake girkawa, a kunna kariyar da zarar an gama, sannan a yi cikakken bincike, wato Analyse complète.

Akwai abu biyu da bai kamata a taɓa ba. Na farko shi ne Protection contre les falsifications, wanda Microsoft ya ƙara a 2019 domin hana manhajoji sauya saitin Defender a ɓoye. Babu manhajar kirki da ke buƙatar a kashe shi. Na biyu shi ne Exclusions, jerin wuraren da aka ce antibirus kada ya leƙa. Kariyar Defender da aka kashe takan kunna kanta bayan ɗan lokaci, amma abin da aka sa a Exclusions yana nan har sai an cire shi. Wasu masu gyara kan sa babban fayil ɗin Téléchargements ko ma faifan C: gaba ɗaya a ciki domin kada krak ɗin ya ɓace bayan sun tafi. Kwamfutar za ta riƙa nuna koren alama, alhali mai gadin an ɗaure masa ido. Duk wanda ya karɓo kwamfuta daga gyara ya kamata ya leƙa wannan jeri.

Wanda ya riga ya yi fa?

Idan an taɓa kashe kariya aka girka fasasshiyar manhaja, abin da ya fi gaggawa shi ne canza kalmomin sirri, kuma daga wata na'ura dabam, a fara da na imel domin shi ne uwar sauran. A shiga saitin Facebook da Google a fitar da duk na'urorin da ke ciki, a duba Appareils connectés a WhatsApp, a kunna tabbatarwa mai mataki biyu. Bayan haka a yi binciken Defender da ake kira analyse hors ligne, wanda ke duba kwamfuta kafin Windows ya tashi. Idan Sécurité Windows ta ƙi buɗewa, ko Windows Update ya daina aiki, mafi aminci shi ne a kwashe takardu a sake girka Windows daga tushe mai tsabta.

Wanda aka kulle wa fayiloli kada ya yi gaggawar biya, domin babu tabbacin za a buɗe masa. Shafin No More Ransom, da Europol da 'yan sandan Holan da wasu kamfanonin tsaro suka kafa a 2016, na tara manhajojin buɗewa kyauta. A Togo, dokar ranar 7 ga Disamban 2018 kan tsaron intanet ce ta share fagen kafa hukumar ANCy, kuma cibiyar CERT.tg, da kamfanin Cyber Defense Africa ke gudanarwa, na karɓar rahoton kutse. Bénin na da bjCSIRT, Najeriya na da ngCERT, Ghana kuma na da Cyber Security Authority.

Tsofaffin kwamfutoci da mafita mai ɗorewa

Yawancin kwamfutocin da ke hannun jama'a a yankin na gwanjo ne, waɗanda suka gama aiki a Turai. Microsoft ya daina tallafa wa Windows 7 tun 14 ga Janairun 2020, Windows 10 kuma wa'adinsa na yau da kullum ya cika ranar 14 ga Oktoban 2025. Da yawa daga cikin waɗannan na'urori ba su cika sharuɗɗan Windows 11 ba. Wannan ke tura mutane ga Windows ɗin da aka yi wa kwaskwarima aka ce ya fi sauƙi, wanda sau da yawa an cire masa Defender da Windows Update tun daga tushe. Wannan ya wuce kashe kariya na ɗan lokaci, rayuwa ce babu kariya sam.

Hanyar da ta fi ita ce a rage buƙatar krak ɗin kanta. LibreOffice kyauta ne, yana da Faransanci, yana buɗe takardun Word da Excel, kuma ya ishi aikin ofishin makaranta ko shagon buga takardu. GIMP na yin yawancin gyaran hoton da ake nema a Photoshop, VLC kuma na kunna bidiyo. Babu ɗayansu da ke neman a kashe antibirus.

Yankin Savanes na da nasa misali a kusa. Ƙungiyar YovoTogo ta Faransa, wadda ke da alaƙa da cibiyar kula da yara masu buƙata ta musamman da ke Bombouaka a gundumar Tandjouaré, tare da abokiyar aikinta JUMP Lab'Orione, sun shafe shekaru suna buɗe ɗakunan kwamfuta a makarantun arewacin Togo. Tsofaffin kwamfutoci suke amfani da su, waɗanda aka gyara aka sa musu Emmabuntüs, wani nau'in Linux da aka tsara a Faransa musamman domin farfaɗo da na'urorin da suka kwana biyu. Yana zuwa da manhajojin ofis da na karatu a ciki, babu kuɗin lasisi, kuma cututtukan da aka rubuta domin Windows, har da mai mayar da fayilolin kile su zama raccourci, ba sa aiki a kansa. Linux ma na buƙatar sabuntawa, kuma akwai manhajojin sana'a da ba sa tafiya a kansa, amma ga ɗalibi da sakatare da mai shago ya wadatar.

Sauran nauyin na kan masu gyara, domin wanda ya kawo kwamfutarsa amana ya kawo, har da ta mutanen da takardunsu ke ciki. Mai kwamfuta kuma na da haƙƙin ya yi tambaya kafin a taɓa kariyarsa: daga ina wannan manhaja ta fito, me ya sa antibirus ke ƙin ta, kuma akwai ta kyauta da za ta yi aikin? Mai gyaran da ya san aikinsa zai amsa ba tare da ɓacin rai ba. In kuwa amsar ba ta wuce "haka ake yi" ba, gara a ɗauki kwamfutar a nemi wani.